Iyakar Ƙarfinta

Allurar na'urar gwajin inji ta haura inda makanikin bai taɓa gani ba. Motar tseren na ɗaure da sarƙa, tayoyinta na gudu bisa gangunan ƙarfe, ba ta zuwa ko'ina. Makanikin ya kashe ta, kunnuwansa na amo, bayansa ya riƙe. Makonni ya yi yana neman wannan ƙarfin.

Sai ya sunkuya ya rage mata man da ke shiga inji, ya sake gwadawa. Allurar ta sauko.

Autansa, direban motar, ya leƙo. "Baba, iyakarta ke nan?"

"Iyakarta ke nan."

Bai dube shi ba. Idonsa na kan fasasshiyar hular kwanon babban ɗansa da ke rataye a bango. Waccan motar da babban ɗan ya yi hatsari da ita, bai rage mata komai ba.