Wa Ya Kashe Zuuu?

Na fizge wayar sifika daga bayan amfilifaya, na'urar ƙara sauti, na yi jifa da ita. Sifikokin falona sai "zuuu" suke yi, kamar ƙudan zuma sun tare a ciki. Ko an tsayar da kiɗa, ƙugin yana nan yana ci mini rai.

Na ɗauko ta, na kai wa mai sayar da wayoyin kayan sauti. Ya jujjuya ta, ya taɓe baki.

"Maigida, wannan ai tsirara take. Sayi gajera mai rufi biyu, kuma kada ta kwanta a kan wayar wuta."

Na sayo, na raba ta da wayar wuta, na jona. Gida ya yi tsit. Tsohuwar kuwa na jefa wa mai kwasar shara, don kada in ƙara ganinta.

Ban gama zama ba jaririnmu ya tsanyare da kuka. Aka ba shi nono, aka jijjiga, duk a banza. Matata ta fito da shi a kafaɗa, idonta jajir.

"Abban yaro, wa ya kashe zuuu ɗin nan?"

"Ni mana. Ba ki ji mun huta ba?"

"Tun da aka haife shi da ƙarar nan yake barci. Ka ɗauka don me nake kwantar da shi a falo?"

Da la'asar ga ni gaban mai wayoyi.

"Lafiya, maigida? Ba ta yi ba?"

"Ta yi. Ba ni wadda ta fi kowacce lalacewa."