Kaya Sun Yi wa Jaki Yawa

Ruwan shuka ya sauka a Bazaga, amma manoma na tsugune a ƙofar buro, wato ofishin rabon iri, a Konni suna jiran iri, domin ordinatar, kwamfutar buron, ta ƙi fito da sunayensu. Tun da aka ɗura mata kaya take tafiyar hawainiya.

Matar da aka kira gyara ta buɗe rumbun sunayen, ta riƙe baki. Manoma dubu tara, kowanne an goya wa sunansa bidiyon jawabin darakta na awa biyu cur.

"Ranka shi daɗe, kaya sun yi ma jaki yawa," in ji ta. "Dole a sauke wani abu."

Darakta ya leƙa taga, ya gyara zaman hularsa.

"To, sauke manoman."