Motar da Ba Ta da Murya

"Ya hajj, ka kiyaye," in ji mai sayar da motar a Khartum, yana miƙo mini makulli. "Ta lantarki ba ta da murya. Ka danna hon kafin ka shiga lungu, in ba haka ba za ka taka ɗan wani."

Na hau gadar Omdurman ina jin daɗinta. Ba hayaƙi ba girgiza, sai sulalewa take kamar kwalekwale a Farin Nilu. Daɗin ya mantar da ni hon.

'Yata shekararta bakwai. Tun lokacin ruwan bama-bamai, da ta ji ƙarar inji sai ta shige ƙarƙashin gado. Shekara biyu ina dawowa da tsohuwar motata, ban taɓa iske ta a waje ba.

Na sha kwanar lungunmu, sai ga ta zaune a tsakiyar hanya, tana yi wa 'yartsanarta waƙa. Na taka birki.

Ta ɗago. "Baba? Yaushe ka zo?"

Ba ta gudu ba, amma waƙar ta tsaya. Har yanzu ban sani ba ko injin take tsoro, ko ni.