Damin Geron Tagulla

Ka ce ba ka gane abin da ya sa marubuci zai cika littafin daula da zancen alamarta ba. To, saurari wannan.

A wata daula ta zamanin da, alamar mulki damin gero ce rataye a zauren fada. Geron mai saurin nuna ne, ruwa kaɗan ke isarsa, kuma shi ya riƙe kakannin mutanen daular tun suna 'yan tsiraru. Kowace damina sai a sauke damin a shuka, da kaka a rataya sabo. Da daula ta bunƙasa, hatsi ya riƙa zuwa a kan jakuna daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, kowa ya jingine fartanya. Sai wani maƙeri, gwani ne kuma ya san shi gwani ne, ya dubi damin ya ga ƙura da ƙwari, ya ji kunya ta kama shi a gaban baƙi. Ya ƙera wani na tagulla, kowace zangarniya da ƙwayoyinta, har tsuntsu kan sauka ya kai masa baki. Sarki ya ba shi riga. Tsohon damin kuwa aka watsa wa kaji, ba a sake shuka irinsa ba.

Shekara talatin maƙerin nan yana bi ta zauren da gangan don ya ji ana yabon hannunsa. Sannan ƙasashen nan suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, jakuna suka daina zuwa, damina ta gajarta. Aka shuka irin hatsin ƙasashen nan, ya bushe tun bai fid da kai ba. Jikokin maƙerin suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Nan tsofaffi suka tuna da geron kakanni, jama'a ta ɗunguma zuwa fada, shi ma yana ciki da sandarsa. Aka sauke damin, wata tsohuwa ta murza zangarniya har tafin hannunta ya yi ja, ta ce, "Ina irin?" Maƙeri ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Kafin kaka garin ya watse, ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba.

Hausawa sun gama magana da suka ce: ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.