Gwangwani na Sha Huɗu

Ran Litinin da safe Tobiya ya ɗora gwangwani na sha huɗu a kan sikeli, ya ga ya sake raguwa. Karo na biyar ke nan.

Tobiya malamin ilimin duwatsu ne a wata jami'a nan Jalingo, kuma ɗaki guda cikin ɗakuna ukun gidansa na unguwar Abbare ya bar wa matattu: burbushin wasu halittun teku na can dauri, waɗanda goma a haɗe ba su kai ƙwayar gero ba. Duk lakar da ya haƙo yakan raba ta biyu. Rabi ya jiƙa, ya tace da rariya, ya tsince halittun da jiƙaƙƙen burushi a ƙarƙashin madubin likita, ya jera su a 'yan faifan kwali masu rufin gilashi. Ɗaya rabin ya busar, ya rufe a gwangwanin madara, ya zama shaida. Matarsa Jemima ke rubuta lambobin, don nasa rubutun sai ka ce kaza ta yi tono.

Na sha huɗun nan kuwa shi ne ransa. Farar laka ce daga gaɓar wani rafi, wadda ambaliya ta riga ta kwashe, ba sauran inda za a samo. A cikinta ya ga wata halitta da ba wanda ya taɓa raɗa wa suna. Ran Juma'a wani farfesa zai zo daga kudu ya tace lakar da hannunsa. In babu laka, babu shaida, digirin dakta na shekara takwas ya bi ruwa.

Da farko ya zargi ɓera, don ya ga shatin haƙori a gefen wani curi. Ya ɗana tarko, tarkon ya kama yatsarsa. Yana tsotsar yatsar ne ya tuna cewa ɓera bai iya mayar da murfi ba.

Yaro fa? Babu. Shekara tara su biyu ne rak a gidan, ciwon da suka daina taɓawa ko da hira.

Saura Sajo, abokin aikinsa, mai zuwa duk Asabar ya yi ta yaba gwangwanayen. Daga ranar Tobiya ya fara gaishe shi sama-sama. Bawan Allah Sajo har turo saƙo ya yi, ko wani laifi ya aikata.

"Maigida, ka bar Malam Sajo, shi bai yi komai ba," in ji Jemima. Tana kwance a tabarma ta faɗa, ta toshe hanci saboda maƙwabta na suya. Kwanakin nan tuwo ma sai ta yi loma biyu ta ture. Tobiya bai lura ba. Shi dama duk abin da ya fi ƙwayar gero girma ba ya ganinsa.

Sai ya shirya dabara, yana jin kansa gwani. Ya ɓamɓare lambobin gwangwani uku masu farar laka iri ɗaya, ya cakuɗa wurarensu, ya rubuta sirrin a 'yar takarda, ya cusa a aljihun wando. Ɓarawo ya zo ya gane in ya isa.

Ran Alhamis ya tarar da wandon a kan igiya, yana ɗigar ruwa. Takardar ta zama kunu.

Garin gyaran gira ya rasa ido. Ya jera gwangwanayen uku a tebur, duk fari fat, duk ɗaya. Tace kowanne sai an jiƙa shi kwana biyu, farfesa kuwa gobe da hantsi. Tobiya ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ƙwalla ta cika masa ido, babba da shi.

Jemima ta shigo da tsintsiya. Ta dube shi, tausayi ya kama ta, dariya kuma na neman ƙwace mata. Ta ɗauki gwangwanayen ta juya masa baya, jim kaɗan ta dire na tsakiya a gabansa.

"Shi ne wannan."

Bai yarda ba. Ya kankari gefen curi da allura, ya ɗiga ruwa, ya leƙa madubi. Ya daɗe yana lalube. Can sai ga ta, halittarsa, kwance abinta.

Ya ɗago baki buɗe. Abin da ya ci masa shekara takwas, ita ko madubi ba ta taɓa leƙawa ba.

"Jemima, don girman Allah, yaya kika gane?"

Ta goge wani ɗan farin gari a gefen leɓenta, ta kamo hannunsa mai ciwon tarko, ta ɗora a kan cikinta.

"Sauran biyun gishiri ya yi musu yawa, Maigida. Wata uku yanzu, ɗanka bai yarda in ci kowanne ba sai sha huɗu."