Mota Mai Kujera Biyu

Dillalin motoci ya ajiye wa wani maigida da matarsa makullai biyu a kan tebur, ya ba su wuri. Ta gilashi suna hangen motocin: ja mai kujera biyu, wadda maigidan ya daɗe yana mafarkin tuƙawa, da ruwan toka mai kujera huɗu, wadda dillalin ya rantse darajarta ba ta faɗuwa.

Jiya likita ya tabbatar musu matar ba za ta taɓa haihuwa ba. Tun daga nan babu wanda ya tayar da zancen.

Ta tura masa makullin ruwan tokar, idonta a ƙasa.

"Ɗauki wannan, maigida. Jar ta yawo ce kawai. Wata rana za ka buƙaci kujerun baya."

"Wa zai zauna a kai?"

"'Ya'yanka. Ni zan koma gidanmu, ba sai ka ji nauyin faɗa mini ba."

Ya ture makullin ruwan tokar gefe. Sannan ya danƙa mata makullin jar.

"Shekara tara ina duba madubi ina ganin kujerun baya wayam. Na gaji. Wannan kujera ɗaya gare ta ban da tawa, kuma da mai ita."