Shafi Uku da Na Yage

"Ni fa ban yagi komai ba, Kawu."

"To, ɓera ne. Ɓeran gidanku ya yi boko, har zaɓen shafi yake."

Kawu Sallau ƙanen mamata ne. Shi ya koya min darar ces, wato darar Turawa, shi ne kuma ya ce duk wasan da na yi in rubuta shi a littafi, taku bayan taku. Ga littafin nan a hannunsa, ya buɗe daidai inda guntayen takarda suka maƙale a jikin zare. Shafi uku. Duk wasannina ne da Zulaihat ta makarantar ƙetaren titi, duka ukun kuma ita ta cinye ni. Ranar Asabar da ita zan sake zama. Wadda ta ci ita za a tura gasar jiha, ni kuwa bana zan gama makaranta, ba ni da wata baɗi.

Na ce, "Me zan yi da wasan da aka cinye ni? In jiƙa in sha? Littafin dabarun nan da ka ba ni na karance shi kaf, sau biyu, ba wanda ya fassara min ko layi ɗaya. Jiya 'yan ajinmu bakwai na ci a jere."

"'Yan ajinku da har yanzu sai sun tambaya yadda doki yake tafiya."

"Kawu, yau fa Laraba. Ka nuna min wata sabuwar dabara kawai in tafi."

Ya ce in zauna. Ban zauna ba, na dai jingina da bango. Shi ma bai damu ba, ya fara.

Wai wani mai fito ne a bakin wani kogi, da kwalekwalensa. Wata rana yana tuƙi ya ji sanyi a diddigensa, ya gane ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙasa. In zai gyara, sai ya jawo jirgin tudu ya kifa shi a gaban mata masu wanki, kowa ya gani. Amma ba kunyar ce ta fi damunsa ba. Tsoron abin da zai tarar yake, kar ya kifa ya ga duk cikin ya ruɓe. Sai ya shimfiɗa tabarma a wurin, ya ajiye ƙwarya ta kwarfar ruwa. Lokacin rani ne, kogi ya janye iya gwiwa. Sau goma yake hayewa a wuni, ya fi kowa sauri. Ya sayi sabon filafili, ya shafa wa goshin jirgin shuɗin fenti, mutane suna ta yabo. Wurin nan guda ne dai ba ya takawa. Ko bai duba ba ƙafarsa ta san ta kauce.

Da damina ta kankama kogi ya ciko, ruwa ya yi ja, yana tafe da kututturai. Ranar kasuwar ƙetare mata suka cika jirgin da kayansu, wasu da goyo. Sai da aka kai tsakiya, inda gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, tabarmar nan ta fara tasowa a hankali. Wata mata ta ɗage ƙafafunta. Ta kusa da ita ta kwance goyonta ta ɗora a kafaɗa. Duk shi kawai suke kallo. Ya ɗauki ƙwarya, amma filafili hannu biyu yake so, yana saki ruwa ya juya kan jirgin. A nan ne ya yaye tabarmar, ya kalli abin a karon farko. Tsaga ce da ba ta fi yatsa biyu ba. Da rani, tsumma da kwalta sun ishe ta kafin hantsi. Yanzu kuwa ruwa ya kai idon sawu, gaɓar nan ta yi nisa, waccan ma ta yi nisa.

Kawu ya hau jera sojojin dara a kan allo kamar ya gama.

Na ce, "Sun nutse?"

"Ranar Asabar kya faɗa min."

Na goge tafin hannuna a hijabi.

Ya ce, "Nusaiba, wasan da kika ci ba abin da zai koya miki, daɗinsa kawai za ki ji. Ita Zulaihat ba ta yage nata shafukan ba. Sau uku tana shigo miki ta wuri ɗaya. Ta san wurin, malaminta ya sani, ni ma da nake gefe na gani. Mutum ɗaya ce a duk garin nan ba ta sani ba." Ya ɗago ya dube ni. "Hausawa dai sun gama magana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na buɗe baki in ce ai ni ba jirgi ba ce, na fasa. Na rufe ido ina neman ta ina dokinta ya shigo a wasa na biyu. Ni da nake haddace shafi guda na littafi, ban ga komai ba, sai siririn hannunta yana ɗauke sarauniyata daga kan allo, ita kuma ko kallona ba ta yi.

Tunda nake ban taɓa buga wa babba ƙofa ba. Na fita, na jawo ta da duk ƙarfina, har sakatar ta faɗo ƙasa.